Ɗinkin Buhu da Yarinyar da ke Lagdo

Ni tela ne. Rumfata tana gefen babbar kasuwar Garwa, a layin masu ɗinkin manyan riguna, kuma da ina da zama da yanzu na yi suna a layin. Ba ni da zama. Wannan aibin na san shi, mutane ma sun san shi, ba sai na ɓoye ba. In na hau keke na fara takawa, kafin in gama hannun riga ɗaya sai in ji kamar ana kirana a wani wuri. In tashi in leƙa masu yadi, in dawo, in je wurin mai shayi, in sake fita. Maƙwabcina a layin yakan ce a duba kujerata, wataƙila akwai ƙaya.

'Yarmu ta fari ba a gidana ta tashi ba. Da aka yaye ta, yayata, wadda muke kira Adda, ta zo daga Lagdo ta goya ta ta tafi da ita, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Haka ake yi a danginmu. Ba wanda ya nemi shawarata, ni ma ban ga abin shawara ba. Ɗan fari dama ba na uba ba ne a idon mutane. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, in an tambaye ka 'ya'yanka sai ka fara daga na biyu. Mahaifinmu haka ya yi wa Adda har ya koma ga Allah, "waccan" yake ce mata. Yarinyar ta tashi tana ce wa Adda Inna, ni kuma tana ce mini Kawu. Ta san gaskiya, kowa ya sani, amma ba a faɗa.

Sikila ce da ita. Ba mu san sunan ciwon ba sai bayan ta koma Lagdo. Adda bandar kifi take yi a bakin tafki, kuma iskar ruwan nan ba ta yi wa yarinyar daɗi. In damina ta yi nisa, ko sanyi ya shigo, sai ciwon ya tashi. Idonta ya yi rawaya, ƙasusuwanta su riƙa sara, ta dunƙule a kan tabarma tana cizon zane don kada ta yi ihu. Wani lokaci magani ya isa, wani lokaci sai an kawo ta Garwa an ƙara mata jini. Adda takan kira ni a waya, maganarta ɗaya ce kullum: "Ƙanena, jikin 'yata ya motsa." Ni kuma in ce, "Allah ya sawwaƙe, ku taho." Daga nan sai in fara duba abin da zan ɗaga a rumfa. Keken surfanina haka ya tafi. Wani mutumin Marwa ne ya saye shi, yana ta yabon yadda na riƙe shi da kyau.

Wani direba ne ya fara yi mini maganar inshorar lafiya, wadda mu a nan muke kira asirans. Ya zo gwajin riga, ina auna kafaɗarsa yana ba ni labarin an yi wa matarsa aiki a asibiti, kuma bai sayar da ko akuya ba. Ya ciro wani kati mai hotonsa daga aljihu. Ya ce wurin aikinsu ne ke biya masa, shi da iyalinsa, in an je asibiti ɗan kaɗan yake cikawa. Na riƙe katin nan ina juya shi har ya ce, "Malam tela, wannan ba na ɗinki ba ne, ba ni abina." Ranar ban ƙara ɗinka komai ba.

Abin da nake nema ba shi da sauƙin samu. Ba zan iya rufe rumfa ba, don ita ke ciyar da gida. Aikin rabin yini nake so, daga safe zuwa azahar, amma mai asirans. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya. Suka ce masu asirans ma'aikatan dindindin ne, masu takardun makaranta. Ni kuwa a firamare na tsaya, Faransancina na gaisuwa ne da cinikin yadi. Kuma ban taɓa gaya wa kowa dalilin neman ba. In an tambaya sai in ce mutum yana tsufa, gara ya yi tanadi.

Na fara da wani otal da ke hanyar gada. Suna neman mai gyaran labule da zannuwan gado da kayan ma'aikata. Na karɓa ban tambayi komai ba, don na ji nauyin in fara da maganar asibiti tun ban ɗinka musu ko maɓalli ba. Na yi ta zuwa, ina facin zannuwa a wani ɗaki kusa da kicin, zafin Garwa daga sama, zafin murhu daga gefe. Sai da wata ya ƙare na tambayi mai biyan albashi yaushe za a ba ni katina.

"Wane kati?"

"Na asibiti."

Ya ƙwala wa mai dafa abinci kira, ya ce in sake faɗa don shi ma ya ji. Su da suka tsufa a wurin ma ba su da shi. Na naɗe almakashina a tsumma na fita, ko sallama ban yi da mai otal ɗin ba, alhali mutumin bai yi mini laifin komai ba. Ni ne ban tambaya ba.

Daga nan na koyi tambaya, sai dai na zarce. Ina shiga wuri, kafin a nuna mini kujera, sai in ce akwai asirans? A wani kamfanin masu gadi mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai aiki kake nema ko gadon asibiti?" Suna da ita, amma ta mai gadin ce shi kaɗai, ban da iyalinsa, kuma sai ka tsaya daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A wata makarantar kuɗi, inda suke son mai kula da ɗakin ɗinkin ɗalibai, na ce na iya Faransanci sosai. Ƙarya ce. Shugabar ta miƙo mini wata takarda in karanta, na ce na manta tabarauna a gida. Ban taɓa sa tabarau ba. Ta ce in je in ɗauko, tana jira. Har yau in na bi ta ƙofar makarantar nan sai in ƙara sauri.

Watannin nan ban zauna ba. Da safe in hau babur ɗin haya in nufi unguwar ofisoshi, in dawo da rana a gajiye, in tarar masu kaya sun zo sun tafi. Rigunan mutane suka taru a rumfa, wasu an yanka ba a haɗa ba, wasu ko yankawa ba a yi ba. Na yi alkawura na saɓa. Wani malami da na riƙe masa rigar ɗaurin auren ƙanensa ya zo ya kwashi yadinsa a yanke, bai ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A gida na zama mai faɗa. Mai ɗakina ta ajiye abinci in ce ya huce, yara su yi wasa in ce sun cika ihu. Wata rana ta ce, "Malam, wai me kake nema ne a garin nan da ba ka samu ba?"

"Aiki."

"Wanda ka bari a rumfa fa?"

Na ce ba za ta gane ba. Ta gane sarai. Ita ce ta je ta gaya wa mahaifinta.

Surukina tsoho ne, ya daɗe yana tsaron ƙofa a wani babban sito na wata ƙungiyar manoma, can bayan gari, inda ake tara masara da shinkafa kafin a rarraba. Ya aiko in zo. Na je na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa. Bayan gaisuwa ya ce, yana kallon bango, "An ce kana neman abin yi da safe." Na ce haka ne, Baba. Ya ce mai ɗinke musu bakin buhu ya koma garinsu Kaele, kuma a wurin kowa yana da katin asibiti, har mai shara, don masu tallafa wa ƙungiyar sun sa wannan sharaɗi.

Ɗinkin buhu. Ni da nake zana aska a ƙirjin babbar riga, in koma riƙe basilla da igiya. Girman kai ne ya taso mini, ba wani abu ba. Na haɗiye shi na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ranar da aka ɗauke ni, shi ya raka ni ofis. Mai kula da ma'aikata wata mace ce Kirista daga ƙasar duwatsu, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, mai sauri, ba kwana-kwana. Ta ba tsohon kujera, ni na tsaya a gefe, don ba zan zauna kafaɗa da kafaɗa da surukina ba.

"Tela, zauna mana. Ko kai ma gadi ka zo?"

Na tsuguna a bakin ƙofa. Ta yi mini bayani: aiki daga safe zuwa azahar, asirans kuma tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'yan da ya haifa. Ta tambayi sunan matata. Wannan ma a gaban ubanta sai da na haɗa gumi, tsohon ne ya taimake ni ya faɗa.

"Yara nawa?"

"Biyu," na ce. Bakina ne ya faɗa, kamar yadda ya saba faɗa a ko'ina. Na ba ta sunayensu, mace da namiji.

"Shi ke nan?"

"Akwai wata yarinya a Lagdo, a gidan yayata."

"Taka ce ko ta yayarka?"

Tsohon yana zaune, hannayensa a kan gwiwa. Yarinyar nan ita ce ta sa na yi facin zannuwan otal, ita ce ta sa na yi ƙaryar tabarau, ita ce ta kawo ni tsugune a bakin ƙofar nan. Abin da ake so in faɗa ɗan kaɗan ne. Amma in buɗe baki a gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa in ce ni na haifi ta farin nan, wannan ban taɓa jin wani ɗan gidanmu ya yi ba. Na dubi siminti.

"'Yar Adda ce," na ce.

"To, ban da ita. Nan kowa yana da 'yar yaya da ɗan ƙane. In muka buɗe wannan ƙofa rabin Garwa za su shigo."

Ta juya ga kwamfutarta. Na jira tsohon ya yi magana. Bai yi ba. Muka fito, ya koma bencinsa na bakin ƙofa, ni kuma aka kai ni cikin sito aka ba ni basilla.

Aikin ba wuya gare shi ba. Wasu suna cika buhu, wasu suna aunawa, su turo mini shi a tsaye. In naɗe bakin, in soka, in ja igiya, in bar kunne biyu na kamawa a gefe. Ƙaiƙayin shinkafa ya shiga wuya, igiya ta ci yatsa. 'Yan dako suka ji ni telan manyan riguna ne, suka same ni. "Tela, wannan buhun Alhaji ne, a yi masa surfani." "Tela, nawa aljihu biyu nake so." Da farko na ɗaure fuska, daga baya na riƙa ce musu su kawo yadin sallarsu in ɗinka musu da basillar. Amma ko ina dariya, duk buhun da na rufe sai in ji ina yi ne a banza.

Da katunan suka fito na kai gida na ajiye a kan tabarma. Mai ɗakina ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana duba hotunan. Nata, na yaran nan biyu, nawa. Ta sake dubawa, ta ɗaga ledar da na kawo su a ciki ta girgiza.

"Malam, saura fa?"

"Su ke nan."

"Ta wajen Adda fa?" Ita ma ba ta kiran sunan, kunyarta ma ta fi tawa.

"Baba yana zaune a wurin."

Ta ajiye katunan a kan tabarma. Sannan ta ce, "Wato ka bar ɗinkin mutane, ka ɓata da masu kaya, kana dawo mini da ƙaiƙayi a riga, don ka samo wa masu lafiya katin asibiti."

Na ce ta iya bakinta, na tashi na fita. Gaskiyarta ce, shi ya sa na yi faɗa.

Gyaran abin a fili yake: in koma ofis in faɗi gaskiya. Kullum in na tashi aiki sai in nufi ƙofar Madam, in hango tsohon a bencinsa, wanda yake daidai tagar ofishin, sai in wuce kamar famfo za ni. Na wanke hannu a famfon nan har mai shara ya tambaye ni ko alwalata ba ta zama ne. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce sai ranar da tsohon bai zo ba, shi kuwa bai taɓa fashi ba. Har na fara tunanin barin aikin gaba ɗaya, in nemi wani wurin da ba wanda ya san ni, in sake farawa. Irin tunanina ke nan, in abu ya cije sai in tashi. Na je wani gidan mai na tambaya, na je wani shagon magani na tambaya. A ranakun nan ko sallah nake yi, ina idarwa ban san me na karanta ba.

Ana cikin haka damina ta kankama, Adda ta kira. Wannan karon ba ta ce jiki ya motsa ba. Cewa ta yi, "Muna mota."

Na same su a asibiti. Yarinyar tana kwance a kan gadon tura marasa lafiya, leɓenta ya yi fari, ta riƙe gwiwarta da hannu biyu. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin gaishe ni, na ce ta bari. Likita ya ce jini za a ƙara. Na tafi tagar biyan kuɗi da ledar katunanmu, na miƙa nawa, ko Allah zai sa ya wuce. Mutumin ya duba ya ce mara lafiyar ba ta ciki. Wani da ke bayana a layi ya raɗa mini in miƙa na ƙanwarta, ai yara duk kama suke. Na sa hannu a leda, Allah ya sani na sa. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, in faɗi gaskiya. Hoton ne. Ƙanwar a lokacin ko haƙoran gaba ba ta da su, ita kuwa wannan ta kusa zama budurwa.

Kifin da Adda ta banda don kasuwar mako shi aka karyar aka biya. A barandar asibiti mai ɗakina ta gaya mata abin da ya faru a ofis. Ina tsaye can jikin wata bishiya ina kallonsu, na ga Adda ta daina motsi, sannan ta yafuto ni da hannu.

"Zo nan, sarkin masu kunya."

Na zo.

"Ni na goya ta, ni na yi jinyarta, ko a gaban wa 'yata ce. Amma ni kifi nake bandawa, kifi ba ya ba da asirans. Sau ɗaya a rayuwar yarinyar nan aka nemi ka zama ubanta, sai ka miƙo mini ita a ofis?"

"Adda, Baba yana wurin."

"Baban ne zai ba ta jini?"

Matan da ke zaune a barandar suka juyo suna kallonmu. Adda ba ta damu ba. Ta buɗe jakarta ta ciro takardar haihuwar yarinyar, wadda take yawo da ita saboda shingayen jandarma a hanya, ta danƙa mini a hannu. "Gobe ka kai. In ba za ka iya ba, ni zan je da warin kifina in faɗa musu, sai ka ga wace kunyar ta fi."

Washegari ban bi ta famfo ba. Na gaida tsohon a bencinsa, na wuce na ƙwanƙwasa ƙofar Madam tun ban ɗauki basilla ba. Ta saurare ni har na gama, ta duba takardar, ta ajiye.

"Tela, rannan da bakinka ka ce ta yayarka ce. Yau ciwo ya zo ta zama taka? Ka san mutum nawa suke zuwa mini da irin wannan?"

"Ga sunana nan a jiki, Madam."

"Suna? Rabin Hausawan garin nan sunanku ɗaya." Ta miƙe ta leƙa taga. "Baba! Shigo ka ji abin da surukinka ya zo da shi."

Na ji kamar in bi ta tagar in fita. Tsohon ya shigo a hankali, ya zauna a kujerar da ya zauna rannan, ya ɗora hannayensa a gwiwa.

"To, faɗa a gabansa," in ji Madam.

Na tsuguna. Na ce, "'Yata ce. Ita ce ta fari. Ni na haife ta." Sannan na faɗi sunanta. Ban taɓa jin sunan nan a bakina ba, ya fito a karkace kamar ina koyon wani yare.

Tsohon bai dube ni ba. Taga yake kallo. Ya ce, "Madam, gaskiya ya faɗa. Amaryata ce, a gidana aka haife ta." Haka yake kiran jikokinsa mata, irin wasan kaka da jika.

Madam ta dube shi, ta dube ni, ta riƙe baki. "To ku biyun nan, rannan me ya kama harshenku?"

"Kunya ce, Madam," in ji tsohon.

"Kunya! A garinmu da sunan ɗan fari ake kiran uba har ya mutu. Ku kuma kuna ɓoye naku kamar kayan sata." Ta ja kujerarta tana girgiza kai. Ta ce za ta tura wa masu asirans, amma in sani ba yau ba ne, ba gobe ba, kuma wannan kwanciyar ba za su biya ba. In kawo hoton yarinyar. Ta ƙara da cewa in na bar aikin, ranar katin ya mutu, don ta ji labarin rashin zamana a bakin 'yan dako.

Da muka fito na durƙusa zan yi wa tsohon godiya. Ya zauna a bencinsa, ya gyara hularsa.

"Rannan na zuba maka ido ka faɗa, kai kuma ka zuba wa siminti ido."

"Nauyinku na ji, Baba."

"Ni ma nauyin na ji. Ni na kawo ka roƙon aiki, in kuma buɗe baki in ce akwai mara lafiya a gida? Na ji tsoron su ce kaya na kawo musu." "Tashi, buhuna suna jiranka."

Bai sake ɗaga maganar ba har yau, ni ma haka. Ban ce al'adarmu ba ta da kyau ba. Kunyar nan ita ta riƙe ni da surukina ba mu taɓa sa-in-sa ba. Amma ni na san akwai inda na fake a bayanta, don shiru ya fi mini sauƙi. Watannin da na yi ina wanke hannu a famfo ba al'ada ce ta sa ni ba.

Jiran katin shi ne ya fi komai wuya. An sallami yarinyar, na kai ta wurin mai hoto kafin su hau mota. Ta rame, ɗankwalin ya yi mata yawa, mai hoton yana ta ce mata ta yi murmushi. Na kai wa Madam hoton, daga nan kullum sai na leƙa. Da farko takan ce, "Bai zo ba." Daga baya tana hango ni sai ta kaɗa hannu ta taga ba tare da ta ɗago ba. Duk wayar da ta shigo sai in zabura in ga ko Lagdo ce. In hadari ya haɗu sai in tsaya da basilla a hannu ina tunanin iskar bakin tafki. A tsakanin nan wani ɗan kasuwa ya zo rumfa yana neman telan da zai bi shi Kusiri ya buɗe masa shago, ya yi mini alkawura masu daɗi. Da a da ne da kafin ya rufe baki na naɗe keke. Na kwana ina juyi, ƙafata tana ƙaiƙayin tafiya. Da safe na ce masa ya nemi wani, na hau babur na tafi sito.

Katin ya zo bayan an gama girbin shinkafa. Ban aika Lagdo ba, na riƙe shi a aljihun gaba, ina taɓawa lokaci lokaci. Da sanyi ya shigo Adda ta kira, suka taho. Na tsaya a tagar nan ta asibiti, mutumin ya karɓa, ya dubi hoton, ya danna abin da zai danna. Na ƙura wa hannunsa ido. Ya ce in cika ɗan abin da ya rage, kuma abin da ke aljihuna ya isa. Aka ɗaura mata jini kafin la'asar. Ban ɗaga komai a rumfa ba, Adda ba ta karyar da kifi ba. Na fita baranda na zauna a ƙasa.

Ranar da za su koma na raka su tasha. Yarinyar ta shiga mota ta zauna jikin taga tana cin rake. Adda ta tsaya a ƙofar motar ta miƙo mini tafin hannu.

"Me?"

"Katin."

"Adda, ai gara ya zauna a wurina."

"Wurinka? Kai da kanka ma ba ka zauna a wurinka ba. Kawo."

Na ba ta. Ta naɗe shi a leda, ta ƙulle a bakin zane, ta ja ƙullin da haƙori.

"Kuma ka ji ni da kyau, ƙanena. Ranar da na ji ka ajiye basillar nan, ni da kai ne."

Direba ya yi oda, ta shiga, motar ta ja. Na tsaya har suka hau titi. Madam ta ba ni izinin safiyar gaba ɗaya, amma da na duba rana na ga azahar da saura, sai na tare babur na ce ya kai ni sito.